Zauren Ma'abota Doki: Sukuwa a Cikin Zafi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan sukuwa suka zo, domin wasu ƙungiyoyin masu dawakai sun sa ranar gasarsu tsakanin ƙarshen bazara da faɗuwar ruwan farko. Mun miƙa tambayoyin ga masu amsa mana su biyu, likitan dabbobi da wani dattijo mai horar da dawakin tsere. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda fili.

Ina da ingarma ɗan shekara huɗu, da shi nake hawan salla. Ƙungiyar garinmu za ta yi sukuwa nan da mako shida. Zan iya shigar da shi tseren mita 1,600? (Mai karatu daga Funtuwa)

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. In za ka ji shawara, bana ka bar shi ya yi kallo, ko kuma ka sa shi a mita 1,000 in har ya nuna ya shirya. Dokin hawa ƙiba ake nema masa da sheƙin gashi da iya taƙama. Dokin tsere kuwa sai an zubar masa da kitse an gina masa numfashi. Wannan rarrabewa tsohuwa ce: hadisin Ibn Umar ya nuna Manzon Allah (SAW) ya sa dawakin da aka horar sun yi tsere daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ.

Abin da ke yaudarar masu doki shi ne, zuciya da huhu da tsoka suna saurin karɓar horo, cikin makonni kaɗan za ka ga doki yana neman ƙwace kamazuru. Jijiya da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Sai mutum ya ga doki na zumuɗi ya sake masa, ƙafa ba ta nuna ba, jijiyar bayan ƙwauri ta kumbura kamar baka. Wannan raunin yakan ajiye doki wata tara zuwa shekara, wani ma ba ya komawa fili.

Horon da ya dace mako takwas ne zuwa goma sha biyu. Mako biyu ko uku na farko kilisa ce kawai, tafiya da sassarfa, minti 30 har a kai 45 kullum. Daga nan a shiga ƙaramar sukuwa wadda mahayi ke riƙe da kan doki, a fara da mita 1,000 a riƙa ƙarawa har mita 2,500, kwana huɗu a mako. Sai a makonni uku na ƙarshe ake sake masa sosai, shi ma mita 400 zuwa 800, sau biyu a mako, ba ƙari. Gudun ƙarshe mai ƙarfi ya kasance saura kwana huɗu ko biyar.

Abu biyu za ka riƙa dubawa. Kowace safiya kafin a ɗaura sirdi, a shafa ƙafafun gaba da hannu daga gwiwa zuwa kofato, ana gwada ta dama da ta hagu. In ɗaya ta fi ɗumi ko ta ɗan tasa, ranar babu aiki. Na biyu bugun zuciya: ka sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi inda jijiyar jini ta gitta ƙashi, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Doki a turke yana buga 28 zuwa 44 a minti. Bayan aiki, in minti 15 zuwa 20 sun wuce bai sauko kusa da 60 ba, aikin ya fi ƙarfinsa.

Kuma in da la'asar za a yi tseren, kada horon duka ya ƙare a bayan asuba. Kwana goma zuwa sha huɗu na ƙarshe a riƙa fitar da shi da yamma yana aiki mai sauƙi, jikinsa ya saba da zafin lokacin.

Mudu nawa na gero ya kamata dokin tsere ya ci? Yaron bargana yana ba shi mudu uku da dusa, amma kashinsa ya yi ruwa. (Daga Zinder)

Ɗan'uwa, a ajiye mudu tukuna, domin mudun Zinder ba shi ne na Kano ba. A nemi sikeli, a kuma san nauyin dokin. Ana ƙiyasta shi da tef ɗin tela: a auna zagayen ƙirji a inda majayi ke bi, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa ya ba da 160, tsawonsa 150, ya kai kilo 323 ke nan.

Doki mai aiki yana cin kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana. Ga wannan doki, kilo shida da rabi zuwa takwas. A ciki, aƙalla kilo biyar ya zama ciyawa da harawa. Hatsi kilo biyu da rabi zuwa uku ya isa, a raba shi gida uku, kada ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Cikin doki ƙarami ne in aka duba girman jikinsa. Hatsin da ya yi yawa ba ya narkewa a ƙaramin hanji, sai ya zarce babban hanji ya yi tsami. Daga nan zawo yake fitowa, da murɗar ciki, da kumburin cikin kofato wanda za ka ga doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya. Abin da ka gani a kashinsa gargaɗi ne.

Gero da dawa ƙwayarsu ƙarama ce mai tauri, da yawa suna fita yadda suka shiga, kaji su tsince a bayan turke. A ɓarza su, ko a jiƙa. Amma a zafin nan jiƙon da ya kwana ya wuni ya riga ya yi tsami, a zubar.

Dusa ba laifi, sai dai sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma ya yi kaɗan. Dokin da aka daɗe ana ɗura wa dusa ba harawa, ƙashinsa yakan yi laushi, fuska ta kumbura, ya riƙa ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Harawar wake da ta gyaɗa su ke cike wannan giɓi. A dai buɗe damin a shinshina. In akwai funfuna ko ƙura mai tashi kamar hayaƙi, a ajiye. Masara mai funfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki ta kashe shi. Gyauron dawa kuwa da zai fito bayan ruwan farko, kowane makiyayi ya san guba ne.

In kana son ƙarin ƙarfi ba tare da ƙarin hatsi ba, man gyaɗa ne: a fara da cokali biyu a rana, a kai rabin kofin shayi ko kofi guda cikin mako biyu. Duk wani sauyin abinci a yi shi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma. Ranar hutu a rage hatsi rabi. Dokin da ya huta da cikakken hatsi aka fito da shi washegari, shi ne wanda tsokar cinyarsa ke ƙagewa ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi. In haka ta faru kada a tilasta masa tafiya, a kira likita.

Gishiri cokali biyu zuwa uku na cin abinci kullum, a cikin hatsi. Kanwa da aka gada ana bayarwa ba ta maye gurbinsa, domin cikin abin da gumi ya fi fitarwa akwai kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, ita kuwa kanwa ba shi ne jigonta ba. A manyan filayen tsere na duniya ma, ɗura wa doki sinadari irin nata kafin gudu laifi ne da ake gwada jini a kansa.

Mun tashi mun tarar ana hana doki ruwa tun daren jajibirin tsere don cikinsa ya yi sauƙi. Daidai ne? (Daga Haɗeja)

Malam, wannan al'ada ta kashe dawakai fiye da yadda ta ba su kofi. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, a bazara da aiki yana iya ninkawa. A aiki mai tsanani cikin zafi yana zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa. Wanda ya shiga fili da ƙishirwa jininsa ya riga ya yi kauri, gumin da zai sanyaya shi ya ragu, sai ya sare a kwanar ƙarshe a ce ba shi da zuciya.

Ruwa ba ya daɗewa a tumbin doki, nan da nan yake wucewa hanji. A bar masa bokiti har saura awa ɗaya a hau. Hatsi shi ake ɗagawa: cin ƙarshe ya zama saura awa huɗu, sai 'yar harawa kaɗan yana taunawa. Don a gane ko ya sha isasshe, a tsunkuli fatar kafaɗa a saki, ta koma nan take. A ɗaga leɓe a danna dasashi, farin ya koma ja-ja kafin daƙiƙa biyu.

A bara mun ga doki ya ci tsere, bayan an sauka ya hau tangaɗi yana harbi, daga baya ya faɗi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ruwan sanyin da aka watsa masa ne. Mene ne gaskiya? (Wata mai karatu daga Katsina)

Hajiya, abin da kika kwatanta ya yi kama da bugun zafi, kuma ruwan da aka zarga shi ne maganinsa, sai dai ƙila bai isa ba. Zafin jikin doki lafiyayye digiri 37.5 ne zuwa 38.5. Bayan tsere yana haura 40. In ya wuce 41 bai sauko ba, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa: doki ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya, ya riƙa harbin iska, idonsa ya yi kamar bai san inda yake ba, ya yi tangaɗi. Yawanci ba a cikin gudun abin ke bayyana ba, sai minti biyar zuwa sha biyar bayan an tsaya, daidai lokacin da jama'a suka yanyame shi ana ɗaukar hoto ana kirari, iska ta daina ratsa shi.

Maganar cewa ruwan sanyi na ƙage doki mai gumi an gwada ta sosai lokacin shirin gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka a 1996, inda aka yi wasan dawakai cikin zafi da laima, aka tabbatar ba haka ba ne. Don haka da an tsallake layi an juyo, a sauka, a kwance majayi a cire sirdi da zubka, a kai shi inuwa mai iska. Mutum biyu, ɗaya kowane gefe, su riƙa kwara masa ruwa bokiti bayan bokiti a wuya da ƙirji da gadon baya da cinyoyi da tsakanin ƙafafun baya. Ba yayyafi ba, kwarawa. In akwai ƙanƙara a zuba a duro. A ɗan taka da shi, a sake kwarawa, a yi ta haka har numfashinsa ya lafa, ma'aunin zafi da aka sa ta dubura ya nuna ya sauko ƙasa da 39. A miƙa masa ruwa ya sha, ba ya cutar da shi. Kada a lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu ko bargo, yana ɗumama ne ya tsare zafin a jiki. Doki ɗaya yana iya cinye duro guda na lita 200, wanda ya jigata ya fi haka.

In minti goma sun wuce ana wannan aiki bai dawo hayyacinsa ba, ko gumi ya ɗauke masa fata ta bushe ƙayau, ko kwiɓinsa na zillo kamar mai shaƙuwa, aikin likita ne, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata.

A lura da wani abu da ke ruɗin mutane. Ranar da aka yi ruwa da dare rana ta buɗe da safe, ma'auni zai nuna zafi bai kai na Afrilu ba, amma ta fi hatsari. A busasshen zafi gumi yana bushewa ya tafi da zafin jiki. A cikin laima sai dai ya tsiyaya ƙasa, doki ya yi asarar ruwa bai sami sanyi ba.

Mu matasa ne, mun kafa ƙungiya, hakimi ya ba mu fili. Me za mu tanada don sukuwarmu ta farko? (Sakataren wata ƙungiya daga ƙasar Gobir)

Samari, madalla da ku. Ku fara da ƙasa. Ku jeru kafaɗa da kafaɗa ku taka filin duka da ƙafa, kuna neman ramin gafiya, tushen suri, kututture da duwatsu. Rami a cike a daddaɓe, ba a rufe da yashi kawai ba. Saman hanya ya zama sako-sako kamar santimita takwas zuwa goma, ƙasansa mai ƙarfi. Tsandauri yana cin ƙashi da gaɓoɓi, yashi mai zurfi yana cin jijiya. Mafi muni shi ne hanya mai fuska biyu, nan tauri can laushi, domin doki ya saita takunsa a kan abin da ya taka a baya. In za ku yi ban ruwa da tanka saboda ƙura, ku jiƙa ko'ina daidai. In ruwan sama ya sauka laka ta yi santsi a kwana, a ɗage tseren, ba abin kunya ba ne.

Zango kuwa, waɗanda aka saba su ne mita 1,000, 1,200, 1,600, 2,000 da 2,400. In kun ji tsofaffin filin sukuwa na Kano suna ƙirga da falon, gadon Turawan mulki ne: falon ɗaya mita 201 ne, takwas su ne mil guda, wato mita 1,609. Ku ware wa kowane doki faɗin mita ɗaya da rabi a wurin tashi. Hanyar da ba ta kai faɗin mita 15 ba, kada a sa mata fiye da doki takwas, a raba su rukuni-rukuni. Bayan layin ƙarshe a bar fili fetal na mita 200 zuwa 300, domin doki a tsakiyar gudu yana cin mita 14 zuwa 17 a daƙiƙa, ba ya tsayawa don an ce ya tsaya.

Shinge kada a yi shi da waya ko turakun ƙarfe. Bututun roba na ruwa ya fi, yana karyewa maimakon ya huda doki. 'Yan kallo a yi musu igiya ta biyu, taku biyar ko fiye a bayan ta farko, a sa 'yan sintiri musamman a kwana da wurin ƙarewa, inda yara da masu babura ke kutsowa.

Ku raba dawakai aji-aji, kada dokin gida ya kara da na Sudan ko jinin Turai, sai dai in mai shi ya nema. Rigimar shekaru haƙori ke raba ta: haƙoran gaba na dindindin biyu na tsakiya suna fitowa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A auna mahayi da sirdinsa a sikeli kafin hawa da bayan sauka. Hular kwano dole, kuma kada son rashin nauyi ya sa a ɗora ƙaramin yaron da hannunsa bai iya juya kan doki ba. A kafa waya a kan sanda daidai layin ƙarewa tana ɗaukar bidiyo, domin dokin mai baki ya fi gudu, ranar da hanci biyu suka iso tare hoton ne zai cece ku.

A fara da sassafe a gama kafin ƙarfe goma, ko a fara bayan la'asar, da tazarar rabin awa tsakanin tsere da tsere. Doki ɗaya kada ya yi gudu biyu a wuni guda. Likitan dabbobi, motar asibiti, rumfa da durorin ruwa su iso kafin makaɗa. Kyauta ta fito daga ƙungiya ko masu ɗaukar nauyi, ku rufe ƙofar caca tun daga takardar gayyata.

Ana sayar da wata allura wai tana ƙara wa doki gudu. In saya? (Daga Gusau)

A'a. Yawancinsu maganin kashe zafin ciwo ne, ko taramol, ko haɗin da mai sayarwa ma bai san abin da ke ciki ba. Ɗingishi shi ne yadda doki ke gaya maka ƙafarsa ta sami rauni. In ka toshe wannan da allura zai taka ta da dukan ƙarfinsa ta karye a tsakiyar fili, da ɗan mutane a bayansa. Magungunan kashe ciwo kuma in suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna lalata ƙoda.

Za mu kawo dawakai uku daga Maraɗi zuwa gasa a Najeriya, kuma damina ta kusa. Me za mu kiyaye? (Daga Maraɗi)

Alhaji, takardar lafiyar dabbobi ta likitan gwamnati ku fara nema saboda kan iyaka. Ku yi tafiyar dare ko asuba. A shimfiɗa yashi ko buntu a ƙasan mota don santsi, a tsaya duk awa uku zuwa huɗu a ba da ruwa. Kada a ɗaure ragama sama ta yadda doki ba zai iya sunkuyar da kai ba, domin ta haka yake fitar da majina da ƙura, in an hana shi na tsawon sa'o'i sai su gangara huhu, zazzaɓi ya biyo baya. Ku iso saura kwana biyu, ku riƙa auna zafin jiki safe da yamma. Wanda ya haura 38.5 a turke ba zai yi gudu ba.

Ku zo da harawarku da hatsinku da bokitanku. Kwamin ruwa na tarayya nan mura ke yaɗuwa, kuma ba a manta da murar dawakai da jakuna da ta ratsa Sakkwato da Nijar a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba.

Babbar barazanar damina ita ce cutar da likitoci ke kira cutar dawakin Afirka. Wasu ƙwari ne ƙanana da ba su kai sauro ba ke yaɗa ta, suna cizo daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Alamunta zazzaɓi, kumburin ramin nan na saman ido, numfashi da ƙyar, a ƙarshe kumfa ta hanci. Ba ta da magani, kuma mafi yawan dawakin da ta kama sosai ba sa tashi, musamman baƙin dawakai da aka shigo da su daga waje. Akwai allurar rigakafi, amma makonni kafin damina ake yin ta, ba a makon gasa ba. A wurin sauka, a shigar da su ɗaki kafin magariba, a sa raga mai ƙananan ido da fanka in akwai wuta, a nisanci bakin fadama da jiƙaƙƙen juji. Rigakafin sarƙe-haƙora ma a tabbatar yana nan, ƙaramin sukan ƙusa a kofato ya isa.

Yaushe ya dace a gyara kofato kafin tsere? (Daga Bidda)

Saura kwana goma zuwa mako biyu, Malam. Kofato yana tsiro kamar milimita shida zuwa goma a wata, ana datse shi duk mako huɗu zuwa shida. Wanda aka yanke a jajibiri tafinsa yana da taushi, doki zai riƙa tsoron taka ƙasa. Kada a bar gaban ya yi tsawo da tunanin zai ƙara faɗin taku, nauyi yake jibgawa a jijiyar baya. In ruwa ya sauka a riƙa sakace ƙasan kofaton kullum, a kwashe jiƙaƙƙen kashi daga turke. Da an ji wari an ga baƙin ruwa a tsagar tsakiya, a wanke a busar a shafa aidin, a mayar da shi busasshen wuri.